Jagorar Horon Tiyatar Lafaroskofi a kan Na'urar Kwaikwayo ga Likitocin Mata Masu Neman Ƙwarewa

Tiyatar lafaroskofi, wato aikin da ake yi a cikin mara ta ƙananan kafofi ba tare da an tsaga ciki da faɗi ba, hanya ce da ake bi a ayyukan likitan mata da yawa a asibitocin da ke da kayanta. Da ita ake cire cikin da ya zauna a bututun mahaifa, a ɓare ƙullutu daga ma'ajiyar ƙwai, a ɗaure bututu, a fitar da ƙari, har ma a cire mahaifar baki ɗaya. Likitocin mata ne suka share mata hanya tun farko. Raoul Palmer ya daidaita dabarar leƙa cikin mara a birnin Paris cikin shekarun 1940, sannan Kurt Semm na Jami'ar Kiel da ke Jamus, wanda ya fara cire afendis ta wannan hanya a 1980, ya ƙera akwatin atisaye a tsakiyar shekarun 1980 domin ya lura cewa hannun da ya saba da buɗaɗɗiyar tiyata ba ya iya wannan aiki sai an sake koya masa daga tushe.

Dalilan wannan wahala sanannu ne, kuma su ne ya kamata kowane atisaye ya nufa. Likita yana kallon allo ne, hoton kuma shimfiɗaɗɗe, ba ya nuna zurfi, saboda haka sai ido ya koyi gane nisa daga inuwa da girman abu da yadda kayan aiki ke gilmawa. Kayan aikin dogaye ne, tsawonsu ya haura santimita 30, kuma suna ratsa bangon ciki ta wuri ɗaya da ba ya motsi, kamar sandar da aka zura ta ramin ƙofa: in hannu ya yi dama bakinta ya yi hagu, in hannu ya sauka bakin ya tashi. Jin taushi ko taurin nama, wanda yatsa ke samu nan take, yana raguwa sosai, sannan ɗan rawar hannu da ba a lura da shi a buɗaɗɗen aiki yakan bayyana ƙarara a kan allo. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ke buƙatar jikin majiyyaciya kafin a shawo kansa.

Akwai hujja a kan haka daga fannin likitan mata kansa. A binciken da Christian Larsen da abokan aikinsa suka yi a Denmark, wanda mujallar BMJ ta buga a 2009, an raba likitoci 24 masu neman ƙwarewa gida biyu. Waɗanda aka horar a kan na'urar kwamfuta har suka kai ma'aunin da aka gindaya sun cire bututun mahaifa a jikin majiyyaciya cikin kusan minti 12, sauran kuwa cikin kusan minti 24, kuma makin ingancin aikinsu ya yi daidai da na wanda ya riga ya yi aiki 20 zuwa 50. Abin lura shi ne ba a ce musu su yi awa kaza su tashi ba. An ce su ci gaba har sai aikinsu ya kai wani matsayi da ake iya aunawa. A kan wannan ƙa'ida aka gina duk matakan da ke tafe.

Zaɓen abin da za a yi atisaye a kai

Abu na farko shi ne akwatin atisaye: akwati rufaffe mai kafofi a samansa, da kyamara da fitila a ciki, da allo a gaba, wanda ake zura masa ainihin kayan tiyata. Amfaninsa shi ne hannu yana jin nauyin hantsaki na gaske da ja na zare na gaske, don haka babu abin da ya fi shi wajen koyon ɗinki. Na biyu shi ne na'urar kwamfuta mai nuna cikin jiki na kwaikwayo, irin su LapSim da LAP Mentor, wadda ke ƙirga lokaci da tsawon hanyar da bakin kayan aiki ya bi da yawan jinin da aka zubar, kuma tana ba mai koyo damar maimaita aiki sukutum daga farko zuwa ƙarshe. Na uku shi ne naman dabba ko gawar da aka tanada don koyarwa, wanda amfaninsa ya fi fitowa wajen koyon rarrabe nama da amfani da wutar lantarki.

Sashen da ba shi da halin sayen na'urar kwamfuta kada ya ɗauka an bar shi a baya. Wajen koyon tushen aiki, akwati yana biyan buƙata, kuma akwatin da ke kusa da ɗakin hutun likitoci, wanda ake taɓawa kullum, ya fi na'ura mai tsada da aka kulle a ɗakin da sai an nemi izini kafin a shiga. Ana iya haɗa akwati da robar ajiya mai murfi, a huda kafofi biyu na kayan aiki da ɗaya na kyamara a tsakiyarsu, a sa ƙaramar kyamarar kwamfuta ko wayar hannu, a manna abin da za a yi aiki a kai a ƙasan akwatin don kada ya zame. Sharaɗi ɗaya ba a sassauta shi: dole ne murfin ya hana ido ganin ciki kai tsaye. Mai koyo da ke satar kallo ta gefe yana horar da idon da ba zai samu a ɗakin tiyata ba.

Mataki na farko: tsayuwa da jera kaya

Kafin a ɗauki komai, a gyara tsayuwa, domin mummunar tsayuwa da aka saba da ita a kan akwati tana bin mutum har ɗakin tiyata, ta zama ciwon wuya da kafaɗa bayan shekaru. A daidaita tsayin teburi yadda mariƙin kayan aiki zai zo daidai gwiwar hannu ko ƙasa da ita kaɗan, kafaɗu a sake, gwiwar hannu kusa da jiki. Allo ya kasance a gaban mai aiki sosai, ɗan ƙasa da saitin ido, ta yadda ido da hannaye da abin da ake aiki a kai da allon za su hau layi ɗaya. Kayan aikin biyu su haɗu a kan abin da ake nufi da kusurwa ta kusan digiri 60, kyamara a tsakaninsu, kuma kusan rabin tsawon kowane ɗaya ya kasance a ciki, rabi a waje. In aka zura shi da yawa, ɗan motsin hannu yakan zama babban motsi a ciki, in kuma ɓangaren waje ya yi yawa, sai hannu ya yi ta yawo kafin bakin ya gusa. Yatsu kuma kada a cusa su har gindi cikin zoben mariƙi, domin hakan yana danne jijiyar babban yatsa ya kuma hana juya kayan cikin sauƙi.

Mataki na biyu: auna matsayin farawa

A rana ta farko, bayan an nuna wa mai koyo yadda ake kowane atisaye, ya yi shi sau ɗaya ko biyu a ɗauki lokaci, a ƙirga kurakurai, a ɗauki bidiyo, a rubuta a littafinsa. Da yawa sukan so tsallake wannan saboda kunya, amma ba tare da shi ba babu yadda za a san ko ana ci gaba.

Manhajoji biyu ne aka fi dogara da su wajen ma'auni. A Amurka akwai FLS, manhajar koyon tushen tiyatar lafaroskofi, wadda ƙungiyar likitocin tiyata ta SAGES ta ƙaddamar a 2004 bisa atisayen da aka tsara a Jami'ar McGill ta Kanada, kuma hukumar da ke ba likitocin mata shaidar ƙwarewa a Amurka ta sanya ta cikin sharuɗɗa ga waɗanda suka kammala horo daga 2020. A Turai akwai tsarin GESEA, wanda ke gwada sarrafa kyamara da haɗin ido da hannu da aikin hannu biyu, sannan ɗinki a jarrabawa ta daban. Ba dole ne sashe ya yi rajista da ɗaya daga cikinsu ba kafin ya amfana, domin ayyukan da lokutansu a bayyane suke.

Mataki na uku: riƙe kyamara

Aikin farko da ake ba ƙaramin likita a ɗakin tiyata shi ne riƙe kyamara, kuma shi ne aka fi mantawa da koyarwa. Madubin da ake zurawa iri biyu ne: mai kallon gaba kai tsaye, da wanda bakinsa ya karkata digiri 30. Na biyun ya fi amfani wajen leƙa bayan mahaifa ko gefen ƙari, amma yana rikita sabon hannu, domin alkiblar kallo tana sauyawa ne ta hanyar juya igiyar haske, alhali kan kyamarar dole ya tsaya a miƙe. Wanda ya juya su tare sai hoton ya kwanta, likitan da ke aiki kuma ya rasa ina ne sama.

Atisayen mai sauƙi ne. A manna lambobi ko haruffa a sassa daban-daban na cikin akwati, wasu a bango, wasu a ƙarƙashin wani abu da sai an juya madubi za a gan su, sannan mai koyo ya nemo su bi da bi, ya kawo kowanne tsakiyar allo, ya riƙe shi ba girgiza na sakan biyar. Abubuwa uku ake dubawa: hoto a miƙe, abin da ake nufi a tsakiya, da nisan da ya dace, wato a matsa kusa lokacin aiki mai laushi a ja baya lokacin da ake shigo da sabon kayan aiki. A nan ne kuma ake koyon daidaita farin launi da kaifin hoto kafin a fara, da yadda ake goge madubi idan ya yi hazo.

Mataki na huɗu: ɗauka, yanka da zarge

Atisayen farko na hannu biyu shi ne sauya wa ƙananan robobi shida wuri a kan allo mai turaku. Ana ɗaukar kowace da hannun da ba a saba aiki da shi ba, a miƙa wa ɗaya hannun a sama ba tare da an ajiye ba, a sa ta a turken ɗaya ɓangaren, idan an gama shida a dawo da su ta hanyar da aka juya. Ma'aunin ƙwarewa na manhajar FLS da masu bincike Ritter da Scott suka buga a 2007 shi ne sakan 48 ba tare da ko ɗaya ta faɗi inda kyamara ba ta gani ba. Sabon mai koyo yakan ɗauki mintoci, kuma babu laifi a hakan. Kada ya kori agogo da farko. Ya fara neman motsi mai tsabta, inda bakin hantsaki ke tafiya kai tsaye zuwa abin da ake so ba tare da lalube ba, saurin zai biyo baya da kansa. Dabarar gane zurfi ita ce a taɓa ƙasan allon kusa da abin a hankali, sannan a gusa zuwa gare shi, maimakon a yi ta cafkar iska.

Na biyu shi ne yanke da'irar da aka zana a kan ƙyallen ɗaure rauni, cikin sakan 98, ba tare da an kauce wa layin da fiye da milimita 2 ba. Darasin da ke ciki ba na almakashi ba ne, na ɗaya hannun ne. Hannun da ke riƙe da ƙyallen shi ke ja, ya miƙar, ya juyo da layin zuwa bakin almakashi, kuma wannan shi ne ainihin abin da ake yi wajen ɓare ƙullutu ko buɗe tantanin da ke kan mafitsara. Mai koyon da hannunsa na hagu ya tsaya cik yana jiran dama ta gama komai bai riga ya fahimci atisayen ba, ko da ya cika lokaci.

Na uku shi ne sanya zargen da aka riga aka ƙulla a kan wani tsiro na soso, a tsuke shi daidai kan layin da aka yi alama, a yanke zaren, cikin sakan 53. Yana da sauƙi, amma zarge ɗaya ne ke hannu, in ya tsuke a inda ba a so ba ya kwancewa. A aikin gaske ana amfani da shi wajen ɗaure bututu ko tsayar da jini a gindin abin da za a cire.

Mataki na biyar: ɗinki da ƙulli

A nan ne ya kamata a kashe mafi yawan lokaci, domin likitan da bai iya ɗinki ta lafaroskofi ba ba zai iya rufe ramin da ƙari ya bari a mahaifa ba, ba zai iya gyara mafitsarar da ta huje ba, kuma duk lokacin da jini ya ƙi tsayawa zai koma ƙona nama fiye da kima ko ya buɗe ciki. Kuskuren da aka fi yi wajen koyarwa shi ne a ce mai koyo ya yi ɗinkin gaba ɗaya tun ranar farko. Ya fi kyau a raba shi kashi uku, a ƙware a kowanne kafin a haɗa.

Kashi na farko shi ne ɗora allura a mariƙinta. Ana shigo da ita ne a riƙe da zare, kamar santimita 2 daga gindinta, ba a riƙe da ƙarfen ba, don ta bi bututun shiga, wato wanda ake zura kayan aiki ta cikinsa, ba tare da ta maƙale ba. A ciki, hannun hagu ya kama allurar kusa da tsakiyarta ba tare da matsewa sosai ba, hannun dama ya ja zaren a hankali har ta juyo ta tsaya a gicciye, sannan mariƙin ya kama ta wajen kashi biyu cikin uku daga tsininta. Dole ta yi kusurwa ta digiri 90 da mariƙin. A maimaita wannan kaɗai, ana sakin allurar ana sake ɗora ta, har sai ya daina zama abin tunani. Ba a kama tsinin allura da hantsaki, domin yana dakushewa, kuma ba a barin ta fita daga abin da kyamara ke gani ko da na sakan ɗaya ne. Allurar da ta ɓace a cikin mara tana iya cinye awa guda ana nema.

Kashi na biyu shi ne ratsa nama. Tsinin ya shiga a tsaye, sannan wuyan hannu ya juya yana bin lanƙwasar allurar. Turawa kai tsaye tana yaga nama ko ta lanƙwasa allura. A yi alamar ɗigo biyu a gefen tsaga a kan roba mai laushi, a nemi shiga ta ɗaya a fita ta ɗayan daidai, ɗaya hannun kuma yana ɗaga gefen naman yana kawo shi ga allura.

Kashi na uku shi ne ƙullin cikin ciki. A yanke zaren ya zama kusan santimita 15, domin wanda ya fi haka tsawo yakan cika allo ya harɗe. A ja shi har ya rage guntun wutsiya na santimita 2 zuwa 3, a kwantar da dogon ɓangaren ya yi lanƙwasa mai sakwa-sakwa kusa da wutsiyar, a naɗe shi sau biyu a kan bakin ɗaya kayan aikin, a kama ƙarshen wutsiyar, a ja hannayen biyu zuwa ɓangarori masu kishiyantar juna yadda ƙullin zai kwanta. Daga nan a ƙara naɗi ɗaya ta ɗaya fuskar, sannan wani ɗaya ta fuskar farko, ana musayar hannu a kowane karo. In an yi naɗin duka ta fuska ɗaya, ƙullin zai yi kyau a ido amma zai zame idan nama ya kumbura. Yawancin wahalar naɗi tana zuwa ne daga abu biyu: zaren ya yi tsauri don an ja shi nesa, ko kayan aikin biyu suna aiki can nesa da wutsiya ta yadda naɗin ke zubewa kafin a kai gare ta. Maganin duka biyun shi ne a matso da komai kusa da wurin ɗinkin, a yi ƙananan motsi. Ma'aunin wannan aiki shi ne sakan 112, kuma manhajar FLS ta nemi a cika shi sau biyu a jere, sannan a ƙara sau goma, don a tabbatar ba sa'a ba ce.

Ƙullin da ake yi a waje a tura shi ciki da sandar turawa ya fi sauƙin koyo, ma'auninsa sakan 136, kuma yana da amfani inda ake son ƙulli mai ƙarfi a kan nama mai kauri. Bayan an samu waɗannan, likitan mata ya ƙara abin da manhajar gama-gari ba ta tanada ba: ɗinki a kan tsagar da ke kwance da wadda ke tsaye, ɗinki mai ci gaba ba yankewa, da aiki da kayan biyu daga gefe ɗaya na majiyyaciya, domin haka ake jera kafofi a ɗakunan tiyatar mata da yawa.

Mataki na shida: ayyukan likitan mata sukutum

Idan tushe ya zauna, sai a koma kwaikwayon aikin gaske, a fara da cire bututun da ciki ya zauna a cikinsa, tun da shi ne aikin gaggawa da ƙaramin likita zai fi haɗuwa da shi da dare. Ana iya yin samfurinsa da doguwar balan-balan ko yatsan safar hannu da aka cusa wa ɗan ƙullutu, a manna shi a jikin mahaifar soso. Mai koyo ya riƙa faɗin matakan da baki yana yi: duba cikin gaba ɗaya har saman hanta, zuƙe jini, duba ɗaya bututun kafin a taɓa mai ciwon, ɗaga bututun, ƙonawa da yankewa dab da jikinsa don kada a taɓa jijiyoyin da ke ciyar da ma'ajiyar ƙwai, fitar da shi cikin jaka, sannan rage iskar da aka hura a ciki a sake duba ko akwai inda ke tsiyayar jini. Wannan na ƙarshen ana yawan mantawa da shi, alhali matsin iska yana iya danne ƙaramar jijiya ta yi shiru har sai an rufe.

Don ɓare ƙullutu, a sa balan-balan mai ruwa a cikin wata, a nemi cire ta cikin ba tare da ta fashe ba. Yanka ta farko ta zama marar zurfi, sannan hannaye biyu su riƙa ja zuwa ɓangarori biyu, suna matsowa kusa da inda ake rabuwa a kai a kai. Masu shekarun ƙarshe na horo su ƙara rufe saman farji bayan cire mahaifa da ɗinke mahaifa hawa-hawa bayan cire ƙari. A kowane samfuri yana da kyau a shimfiɗa siririn bututu a inda bututun fitsari mai saukowa daga ƙoda yake wucewa, wato ƙarƙashin jijiyar jinin mahaifa, kusan santimita 2 daga wuyan mahaifa, kuma a ɗauki taɓa shi a matsayin faɗuwa, komai kyawun sauran aikin.

Abin da akwati ba ya koyarwa da kansa

Kaso mai yawa na munanan raunukan lafaroskofi yana faruwa ne a lokacin shiga, kafin a fara aikin da aka zo yi, saboda haka shiga tana buƙatar zamanta na daban a kan samfurin bangon ciki mai hawa-hawa. A koyi allurar Veress ta hura iska a ciki, wadda likitan ƙasar Hungary János Veres ya bayyana a 1938, da buɗaɗɗiyar shiga ta cibiya da Harrith Hasson ya kawo a 1971, da wurin Palmer, santimita 3 ƙasa da haƙarƙarin hagu, ga matar da ake zaton hanjinta ya manne a bayan cibiya saboda tsohuwar tiyata. Mai koyo ya iya karanta na'urar hura iskar kabon dayoksaid: matsin farko da ke ƙasa da milimita 8 na ma'aunin zaiba alama ce allura ta shiga inda ya dace, ana iya ɗaga shi zuwa 20 ko 25 don zura bututun shiga na farko, sannan a sauke zuwa 12 zuwa 15 don aiki. Ya san cewa manyan jijiyoyin jini suna kwance ƙarƙashin cibiya, kusa ƙwarai a jikin siririyar mace, kuma sauran bututun ana zura su ne ido na gani, bayan an gano jijiyar da ke hawa a bangon ciki ta kowane gefe.

Haka ma wutar lantarki. Dole a fahimci bambancin na'ura mai baki ɗaya, wadda wutarta ke ratsa jiki zuwa faifan da aka manna a cinya, da mai baki biyu, wadda wutarta ke tsayawa tsakanin leɓɓan hantsaki. Zafi yana yaɗuwa gefe fiye da inda ido ke gani, rufin kayan aiki yana iya tsagewa wuta ta tsallaka zuwa hanji a wajen hoto, bakin kayan kuma yana riƙe zafi bayan an ɗaga ƙafa daga fedar kunna wutar. Ƙunar hanji sau da yawa ba ta bayyana sai bayan kwanaki, lokacin da matar ta riga ta koma gida. Naman dabba a cikin akwati shi ne wurin da ya dace a ga wannan da ido.

Akwai kuma atisayen ƙungiya, wanda ake yi a ainihin ɗakin tiyata da mutum-mutumi, tare da likitan sa barci da ma'aikatan jinya. A kwaikwayi jini mai yawa bayan shiga, ko ɗaukewar hoto ana tsakiyar aiki, a ga wa zai yi magana, wa zai kira babban likita, da tsawon lokacin da za a ɗauka kafin kayan buɗe ciki su iso teburi. Yanke shawarar buɗe ciki da wuri fasaha ce da ake koya, kuma ya kamata mai koyo ya furta ta da bakinsa a atisaye kafin ranar da zai buƙace ta.

Tsara lokaci da samun gyara

Gajeren zama da ake maimaitawa ya fi doguwar rana guda. Binciken Carol-Anne Moulton da abokan aikinta a Toronto, na 2006, ya kwatanta likitocin da suka yi zama huɗu a rana ɗaya da waɗanda suka yi zama ɗaya kowane mako har mako huɗu, kuma bayan wata guda rukuni na biyu ne ya fi riƙe abin da ya koya. Saboda haka minti 30 zuwa 45, sau biyu ko uku a mako, tsari ne mai kyau, kuma a tashi idan hannu ya gaji, domin maimaita kuskure cikin gajiya koyon kuskuren ne. Kwas na kwana biyu yana da amfani wajen buɗe ido, amma in babu akwatin da za a koma a kai, yawancin abin da aka samu yakan zube cikin watanni.

Sashen da ya bar atisaye ga wanda ya ga dama zai tarar da ɗakin babu kowa, ba don lalaci ba, sai don aikin asibiti ba ya ƙarewa. Dole a ware lokacin a cikin jadawalin aiki, a karɓi wayar kira daga hannun mai koyo, a kuma ɗaura izinin yin aiki a jikin majiyyaciya a kan cika ma'auni. Malami ya kasance a wurin a zaman farko na kowane sabon atisaye, ya gyara abu ɗaya ko biyu takamaimai, kamar ya ce allurar ta karkata ko hannun hagu ba ya ja, maimakon ya ce a ƙara ƙoƙari. Daga baya ya riƙa ja da baya, yana duba bidiyo bayan an gama, don mai koyo ya saba gano kuskurensa da kansa. Wajen ba da maki ana iya amfani da ma'aunin GOALS na Jami'ar McGill, wanda ke duba gane zurfi, aikin hannu biyu, rashin ɓata motsi, tausasa wa nama, da iya aiki ba tare da an yi ta jagora ba, kowanne daga 1 zuwa 5.

Daga akwati zuwa ɗakin tiyata

Cika ma'auni a kan akwati izini ne na fara koyo a jikin majiyyaciya ƙarƙashin kulawa, bai mai da kowa ƙwararre ba, domin roba ba ta zubar da jini, ba ta da mannewar hanji, kuma ba ta koya wa likita wace mace ce ta dace da aikin. A shiga a hankali: riƙe kyamara, sannan zura bututun shiga na gefe, sannan leƙen bincike da ɗaure bututun mahaifa, sannan wani yanki na babban aiki da aka amince da shi tun kafin a fara, babban likita yana tsaye da safar hannu. Majiyyaciya tana da haƙƙin sanin cewa likita mai neman ƙwarewa zai yi wani ɓangare na aikin. Minti goma a kan akwati da safiyar ranar tiyata yana sassauta hannu, kuma duk abin da ya ba da wahala a ɗakin tiyata a rubuta shi a mayar da shi akwati a makon. Wanda ya yi wata uku ko fiye bai taɓa lafaroskofi ba, saboda hutu ko zagayen wani sashe, ya sake gwada ɗinki da ƙullin cikin ciki a kan agogo, in bai kai sakan 112 ba ya koma atisaye kafin a sa sunansa a jerin masu aiki.